Tankaɗe da Rairaya: Yadda Ake Gyara Maƙala

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Gwagwalada ya kawo mini maƙalarsa a kan cunkoson hanyar Nyanya, shafi huɗu cif. Ya ce, "Kawu, ƙugiyoyi kawai za ka duba mini, sauran na gama." Na zauna na karanta a natse. Shafin farko kaf tarihi ne: yadda aka yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, da yadda gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba, 1991. Duk gaskiya ne, amma mai karatu bai zo don wannan ba. Sai a shafi na uku na tarar da maƙalar a ɓoye: wata mai shara da ke baro Mararaba tun kafin kiran assalatu don ta riga cunkoso, ta iso sakatariya ta zauna bakin ƙofa tana gyangyaɗi har a buɗe. Na ɗora yatsa a wurin na ce, "Daga nan rubutunka ya fara."

Gyaran rubutu yana da gaba da baya, kamar aikin gari. Sai an yi tankaɗe kafin a zo rairaya. Wanda ya fara da aya da waƙafi yakan ɓata yini yana kwalliya wa sakin layin da daga baya zai jefar. Don haka tambayar farko ita ce, me nake son in faɗa? In ba za ka iya gaya wa na kusa da kai a mota cikin numfashi ɗaya ba, to da saura. In ka samo maganar, sai ka bi kowane sakin layi ka tambaye shi aikin da yake yi mata. Wanda ba shi da amsa ya fita, ko da shi ne ka fi so. Wannan yankan yana da zafi, shi ya sa ake barin rubutu ya kwana. Idon da ya rubuta da dare ba ya ganin aibu sai gari ya waye.

Mataki na biyu, gyaran jimla, shi ne wanda ya fi damuna a Abuja. Nan garin jaridar Aminiya take fitowa tun 2006, ga Leadership Hausa, ga ofishin sashen Hausa na BBC, amma yawancin abin da ke isowa teburin marubuci da Turanci yake zuwa: sanarwar ma'aikata, jawabin minista, rahoton kwamitin majalisa. Mutum ya yini cikin wannan, in ya zo rubuta Hausa sai kalmomin su zama namu, ginin jimlar kuwa na wasu. Za ka ga an rubuta "ya biya ziyara", alhali Bahaushe kai ziyara yake yi. Ka ga "an riƙe taro" maimakon an yi taro. Ka ga "an kama shi ta hannun 'yan sanda", bayan ga hanya miƙaƙƙiya: 'yan sanda sun kama shi. Ido yakan wuce irin waɗannan, kunne ne ba ya yafe musu. Na sa yaron ya miƙe ya karanta mini da ƙarfi, kamar yana ba kakarsa labari. Duk inda harshensa ya sarƙe ko numfashinsa ya ƙare kafin aya, muka sa alama. Jimla ɗaya mai layi biyar muka raba ta uku, nan take ta yi daɗin ji.

Kada wani ya ɗauka miƙa rubutu a duba ƙasƙanci ne. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga Katsina zuwa Zariya, ya yi watanni yana rubuta Magana Jari Ce, Rupert East na Hukumar Talifi yana dubawa, suna tattaunawa. Imam ɗin nan ne ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939, ya koma shi ke duba na wasu.

Sai a ƙarshe ake zuwa ga ƙa'idojin rubutu, kuma su ma ba abin wasa ba ne. Tun shekarun 1930 aka karɓi haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin in babu su ma'ana takan juye. Wanda ya "shigar da kara kotu" ya kai wa alƙali karan dawa ne. Ministan da ya "karɓi baki" ba baƙi ya tarba ba. Wayoyin yanzu suna da allon rubutun Hausa, saboda haka uzurin ya ragu. Akwai kuma haɗawa da rabawa: yana, suka, yakan, motarsa, a haɗe suke; za su, ba ta, an ba shi, a rabe. Ga jinsi, wanda yakan kuɓuce wa yaran da suka tashi cikin gauraye irin na Abuja: gwamnati ta ce, majalisa ta zauna, amma ruwa ya sauka, gida ya cika. A wannan zagayen ina karantawa ne daga jimlar ƙarshe zuwa ta farko, don kada daɗin labari ya ɗauke mini hankali daga haruffa. Sunaye da lambobi kuwa sai an koma inda aka samo su an gwada, ɗaya bayan ɗaya.

Bayan kwana uku ya dawo da shafi biyu da rabi. Mai sharar ce a layin farko, tana tsaye bakin titi a Mararaba da duhun asuba. Tarihin 1976 ya koma jimla ɗaya a tsakiya, inda ake buƙatarsa. Na ɗauki jan biro, muka fara duba ƙugiyoyin.