Bitar Bayan Lacca: Hanyar Koyon Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa da Hannu

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015 Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Saboda haka ɗalibin Anka ko Gummi ko Bukkuyum, wanda makarantarsa ba ta da na'ura ko wutar lantarki, mai yiwuwa ne ranar jarrabawar ce farkon zamansa gaban allonta. Idan ya dace da gurbin karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, zai tarar da abokan karatu da suka tashi da na'urar a gida. Lacca ɗaya za a yi musu, jarrabawa ɗaya za su rubuta. To, ta yaya za a cike wannan giɓi?

Dalilin da Lacca Kaɗai Ba Ta Isa

Rubuta wa na'ura umarni sana'a ce, tamkar ƙira ko saƙa. Ɗan maƙeri ba ya ƙwarewa da sauraro. Sai ya ja zugazugi, ya ɓata ƙarfe, an gyara masa. Haka nan ɗalibi yana iya haddace ƙa'idoji tsaf, amma waƙafi guda da ya manta ya hana aikinsa tashi. Gano irin wannan kuskure sai da yawan yi.

Bincike ya tabbatar da haka. A 2014 Scott Freeman na Jami'ar Washington ta Amurka da abokan aikinsa sun tattara sakamakon nazarce-nazarce 225 a kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci. Sun gano cewa inda lacca zalla ake yi, kimanin kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa, amma inda ɗalibai ke sa hannu cikin aikin, kimanin kashi 22 ne.

Yadda Bitar Take

Bita zama ne na sa kai da ake yi bayan lacca ko ranar Asabar, babu maki, babu fargabar faɗuwa. Ɗaliban manyan azuzuwa ne ke jan ragama, malami kuwa ya sa ido. Akan zaunar da mutum biyu kan na'ura ɗaya, ɗaya yana bugawa, ɗaya yana duba kurakurai, su riƙa musanya wuri. Ta haka ƙarancin na'urori kan zama alheri. Aikin kuma ya kasance na gida, misali tsara farashin gero da dawa na kasuwar Gummi mako-mako, na'ura ta nuna lokacin da ya fi tashi.

Ko babu wuta bita ba ta tsayawa. A shekarun 1990 Tim Bell na Jami'ar Canterbury da ke New Zealand da abokansa sun tsara wasannin koyar da tushen ilmin ba tare da na'ura ba. Ga misalin da ya dace da mu: a haƙa gurbi biyar kamar na dara, a ba su daraja 16, 8, 4, 2, 1. Gurbi mai dutse shi ne 1, fanko kuwa 0. Domin rubuta 13, sai a sa duwatsu a gurbin 8 da 4 da 1, a karanta 01101. Da gurabun nan ana iya rubuta kowace lamba daga 0 zuwa 31, kuma bisa wannan ƙa'ida na'ura ke ajiye duk abin da ke cikinta.

Kammalawa

Bita ba ta maye gurbin lacca. Ƙafa ce ta biyu. Sharaɗinta shi ne ta bi sawun darasin mako, kuma a ɗore. Ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin waɗannan ƙananan hukumomi uku suna iya kai ta sakandarorinsu lokacin hutu, domin ƙannensu su san na'ura kafin ranar jarrabawa. Masu iya magana dai sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.