Sau uku suna tayar da Blenheim: jinjina ga masu gyaran tsofaffin jiragen sama

A duk faɗin duniyar nan, jirgin sama ƙirar Bristol Blenheim guda ɗaya tak ya rage da ke iya tashi. Yana ajiye a filin jirgi na Duxford, kusa da birnin Cambridge a Ingila. An ƙera irinsa fiye da 4,000 kafin Yaƙin Duniya na Biyu da kuma lokacin yaƙin, amma da aka gama yaƙi sai Ingila ta farfasa nata, ta narkar da su, ba ta bar ko ɗaya ba. Wannan da ya rage yana tashi ne saboda wasu mutane 'yan ƙalilan, da yawansu ba a biyansu ko sisi, sun shafe kusan shekara 40 suna fama da ƙarfe da tsatsa. Sau biyu aikinsu yana faɗuwa ƙasa, sau biyu suna komawa farko. Su nake so in yaba a yau, domin ni a ganina ba a cika ba su haƙƙinsu ba. Ranar baje kolin jirage kowa matuƙi yake kallo. Wanda ya yi shekara goma yana buga ƙusoshi a rumfa, cikin sanyi, ba mai neman sunansa.

Mai karatu zai iya cewa, to mu ina ruwanmu da wani tsohon jirgin Turawa? Akwai ruwanmu kuwa. A shekarar 1940, da Italiya ta shiga yaƙi, kai jiragen yaƙi Masar ta Bahar Rum ya zama kasada ga Ingila. Sai suka buɗe wata hanya ta Afirka ta Yamma. Ana kawo jirage cikin manyan akwatuna ta jirgin ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, a harhaɗa su a can, sannan su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wato N'Djamena ta yau, El Fasher da Khartoum har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. Hanyar ta yiwu ne saboda gwamnan Chadi na lokacin, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940, yayin da Nijar ta ci gaba da zama ƙarƙashin gwamnatin Vichy. Ayarin farko ya bar Takoradi a watan Satumba na shekarar, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Galibi Blenheim ne ke jan ayari, ƙananan jirage irin su Hurricane na biye, domin shi yana ɗauke da mai duba taswira, su kuwa matuƙi ne kaɗai a ciki. Ke nan kakanninmu da ke gona a wajen Kano ko Maiduguri sun ji ƙarar injinsa, kuma 'yan ƙasa ne suka yi lebura wajen share filayen da yake sauka.

Shi kansa jirgin yana da tarihi mai daɗi da ɗaci. Asalinsa wani jirgin fasinja ne mai sauri da Lord Rothermere, mai jaridar Daily Mail, ya sa kamfanin Bristol ya ƙera masa. Da aka gwada shi a 1935 sai aka tarar ya fi jiragen yaƙin Ingila na lokacin gudu. Nan da nan soja suka nemi a mayar da shi na kai hari, ya fara aiki a 1937. Mutum 3 yake ɗauka, da injin Mercury guda 2, kowanne mai silinda 9 da aka jera a kewaye kamar tauraro. Sai dai kafin yaƙi ya kankama zamani ya riga ya wuce shi, jiragen Jamus sun fi shi gudu da makamai. Ranar 17 ga Mayun 1940, Blenheim 12 na runduna ta 82 suka tashi kai hari a Beljiyam, guda ɗaya ne ya dawo. Yawancin waɗanda ke ciki samari ne.

To, tunda Ingila ta narkar da nata, daga ina aka samo abin gyarawa? Daga Kanada. A can kamfanin Fairchild ya ƙera irin wannan jirgi da sunan Bolingbroke. Bayan yaƙi aka yi gwanjonsu da araha, manoma suka saya don cire tayoyi da wayoyi da bututu, suka bar gangar jikin a bayan gona, ruwa da dusar ƙanƙara suna dukanta shekara da shekaru. A 1974 wani tsohon matuƙin soja mai suna Ormond Haydon-Baillie ya kwaso ragowar wasu zuwa Duxford. Bai ga ƙarshen aikin ba, domin ya rasu a haɗarin wani jirgi a 1977. Sai Graham Warner, wani ɗan kasuwar motoci da aka sani a harkar tsere, ya ɗauki nauyin aikin, ya riƙe 'yan tsirarun ma'aikata da 'yan sa-kai.

Yana da kyau mu fahimci abin da ake nufi da gyara a nan, don ba fenti da goge-goge ba ne kawai. Ana kwance jirgi ne gaba ɗaya, har sai ya koma tarin ƙarafa, kowane yanki a ba shi lamba. A cire fatar alminiyam ta waje, a duba haƙarƙarin ciki ɗaya bayan ɗaya. Wanda tsatsa ta ci a yi amfani da shi a matsayin samfuri a yanko sabo. Ƙusoshin da ke riƙe fatar dubbai ne, kuma kowace mutum biyu ke buga ta: ɗaya a waje da na'urar bugu, ɗaya a ciki a durƙushe yana tare ta da guntun ƙarfe. Sassan fukafuki da na wutsiya masu motsi da yadi ake rufe su, a ɗinke da hannu, a shafa musu wani ruwa mai sa su ɗaure kamar fatar ganga. Inji kuwa babu shagon da za ka je ka ce a ba ka kayansa, kamfanin ya daina yin su tun tuni. Sai dai a yi cigiya ƙasa-ƙasa, ko a nemo tsohon zanen kamfani a ƙera sabo. Bayan duk wannan, hukumar kula da sufurin jiragen sama ba za ta ba da izinin tashi ba sai ta ga takardar kowane yanki: daga ina ya fito, wa ya duba shi, wa ya sa hannu. Duk wanda ya taɓa zama a garejin kanikawa yana kallon ana neman kayan tsohuwar Peugeot 404 zai ɗan hango wahalar, sai dai ita mota in ta mutu a hanya gefe ake turawa.

Shekara 12 suka yi a kan jirgin farko. Ya tashi ranar 22 ga Mayun 1987, tsofaffin sojojin da suka yi yaƙi a cikin irinsa suka yi ta zuwa kallo. Wata ɗaya kacal bayan haka, ranar 21 ga Yuni, ya faɗi a wani bikin jirage a Denham, ya yi kaca-kaca a filin wasan golf da ke gefe. Mutum 3 da ke ciki sun tsira da ransu, cikinsu har da John Romain, wanda ya shiga aikin tun yana matashi. Jirgin dai ya wuce gyara.

Ka tsaya ka auna wannan, mai karatu. Shekara 12 ta ƙuruciyarka, ranakun hutunka, kuɗin aljihunka, duk sun tafi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Da a ce sun watse daga nan, babu wanda zai zarge su. Amma ba su watse ba. Aka sake samo wata gangar ƙirar Kanada, aka kafa ƙungiyar magoya baya mai suna Blenheim Society don tara gudummawa, suka koma rumfa. Wannan karon hannu ya riga ya faɗa, sun san inda kowace matsala take, don haka aikin bai kai rabin lokacin farko ba. Jirgi na biyu ya tashi a watan Mayun 1993, ya yi shekara 10 yana zagaya bukukuwa. Sai a watan Agustan 2003, yayin sauka a Duxford, shi ma ya yi haɗari ya lalace ƙwarai. Ba a rasa rai ba, amma aiki ya dawo ɗanye.

A gyara na uku ne wani abin ban mamaki ya shigo. Wani ma'aikacin kamfanin Bristol mai suna Ralph Nelson ya sayi hancin wani Blenheim samfurin farko bayan yaƙi, wato ɓangaren gaba mai gilasai inda matuƙi ke zama. Ya ɗora shi a kan ƙashin wata ƙaramar mota Austin Seven, ya mayar da shi mota mai aiki da lantarki, ya yi shekaru yana yawo da ita a garin Bristol. Daga baya ya ba masu gyaran kyauta. Su kuma suka mayar da motar hancin jirgi kamar yadda take tun asali, suka haɗa da gangar da ta yi haɗari. Ranar 20 ga Nuwamban 2014, bayan shekara 11, jirgin ya sake tashi, kuma John Romain ne ke tuƙi, wato mutumin da ya fita da rai daga tarkacen 1987. Wanda ya kalli fim ɗin Dunkirk na 2017 ya ga wannan jirgi yana wucewa ta saman wani ƙaramin jirgin ruwa.

Akwai muhawara a wannan harka, kuma bai kamata in ɓoye ta ba. Wasu masana tarihi suna cewa abin da ya rage guda ɗaya a duniya bai kamata a riƙa kasada da shi a sama ba, a ajiye shi a gidan tarihi kamar yadda ƙasar Finland ta ajiye nata Blenheim. Suna da hujja. A 2019 wani tsohon jirgi B-17 ya faɗi a jihar Connecticut ta Amurka, mutum 7 suka mutu. A 2022 kuma wani B-17 ya yi karo da wani tsohon jirgin yaƙi a bikin jirage a Dallas, mutum 6 suka rasu. Rai ya fi ƙarfe, wannan ba abin jayayya ba ne, kuma duk tsananin da hukumomi za su yi wajen bincike daidai ne.

Duk da haka ni ina tare da masu tayar da su, in dai an kiyaye ƙa'ida, kuma in akwai wani irinsa a ajiye a ƙasa. Dalilina shi ne ilimin hannu. Jirgin da ke tsaye a gidan tarihi ba ya bukatar wanda ya san yadda ake saita injin Mercury, ko yadda ake gane lafiyarsa daga sautinsa. Wanda zai tashi kuwa dole sai da irin wannan mutum, kuma dole shi ma ya koya wa na baya. Waɗanda suka ƙera waɗannan jirage da waɗanda suka gyara su a fagen yaƙi kusan duk sun kwanta dama. Abin da suka sani, wanda ba duka aka rubuta a littafi ba, yana raye ne kawai a hannun waɗanda suka zauna kusa da su suka koya. Mu da muka ga yadda saƙa da rini da ƙira ke ja da baya a garuruwanmu in tsofaffi suka tafi ba magaji, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Wani abin da ke burge ni game da su shi ne ba yaƙi suke yi wa kirari ba. Wanda ya shiga cikin Blenheim ya ga ƙuncin wurin, ya taɓa fatar da ba ta fi kaurin kwali ba, zai san halin da aka jefa samarin nan, fiye da yadda kowane jawabi zai gaya masa. Jirgin shaida ne, kuma shaida ba ta da amfani in an bari ta ruɓe.

Wannan ya sa nake duban namu gefen. A bakin filayen jiragenmu da dama akwai tsofaffin jirage da aka yasar, na soja da na kamfanonin da suka rushe, rana da ƙura suna cinsu har ranar da 'yan gwangwan za su zo da abin yanka. Ba na cewa mu tayar da su sama, wannan kuɗi ne da ba mu da shi, ga kuma bukatun da suka fi shi gaggawa. Amma a ware guda ɗaya ko biyu, a yi musu rumfa, a rubuta tarihinsu, a nemi tsofaffin injiniyoyin da suka yi aiki a kansu tun suna da rai su yi wa ɗaliban makarantun fasaha bayani, wannan bai fi ƙarfinmu ba. Mutanen Duxford ma da tarkacen bayan gona suka fara, da haƙuri, da wanda ya yarda ya riƙe guntun ƙarfe a ciki yayin da ɗan'uwansa ke bugu a waje. Yabon gwani ya zama dole. Allah ya saka wa masu wannan aiki, na can da duk wanda zai fara a nan.