Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Yadda Amurka Ta Gina Makarantu da Lambuna a Shekarun Fatara

Yau za mu kai ku ƙasar Amurka, mu duba wani al'amari da ya gudana can tsakanin shekarar 1933 da 1943. Kowa ya ji sunan Amurka sai dukiya ta faɗo masa a rai. To, amma akwai zamanin da fatara ta sauka ƙasar har magidanta suka riƙa yin layi a bakin titi don karɓar gurasa da romo. Nufinmu shi ne mu bayyana dabarar da gwamnatinsu ta yi a cikin wannan hali, da dalilin da ya sa ta fifita bai wa mutane aiki a kan ba su sadaka, da kuma abin da aikin ya bari.

Asalin abin kuwa, cikin watan Oktoba na 1929 ne kasuwar hannun jari ta birnin New York ta rushe. Masu kuɗi suka yi hasara, masu saye suka janye hannu, masana'antu suka shiga sallamar ma'aikata. Daga 1930 zuwa 1933 bankuna wajen 9,000 suka karye, ajiyar mutane da yawa ta salwanta. Da shekarar 1933 ta kama, cikin kowane mutum huɗu masu iya aiki ɗaya ba shi da abin yi, watau mutum kusan miliyan 13. Guguwar nan har ƙasar Hausa sai da ta taɓa, gama farashin gyaɗa da auduga ya faɗi warwas a shekarun, biyan haraji kuwa ya zama wa manoma jidali.

Makarantun Amurka suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Dalili kuwa, yawancin kuɗin makaranta a can daga harajin gidaje da gonaki ya ke fitowa, kowane gari ya tara nasa ya riƙe makarantunsa. Ran da mai gida ya kasa biya, makaranta ta shiga uku. A birnin Chicago malamai sun yi watanni ba albashi, har cikin 1933 suka fito zanga-zanga suka dunguma bankunan garin. A ƙauyuka kuwa dubban makarantu aka rufe, waɗansu aka rage musu watannin karatu. Sa'an nan ga wata masifa a kan wata: ran 10 ga Maris 1933 girgizar ƙasa ta auka wa garin Long Beach a Jihar Kalifoniya, ta rusa makarantu masu yawa. An yi katari abin ya faru dab da magariba, yara sun riga sun koma gida. Lambunan shan iska ma ba su tsira ba. A tsakiyar Central Park, babban lambun New York, akwai wani tafkin ajiyar ruwa da aka janye ruwansa. A cikinsa marasa muhalli suka kakkafa bukkoki na katako da kwano.

A cikin wannan hali Franklin Roosevelt ya hau kujerar shugabancin ƙasa ran 4 ga Maris 1933, ya zo da shirin da su ke kira New Deal, watau sabon rabo. Da farko an raba taimakon kuɗi da abinci, domin mai jin yunwa ba a ce masa ya jira. Amma shugaban da mashawartansa sun lura cewa magidancin da ya daɗe yana miƙa hannu, zuciyarsa ta kan mutu, sana'arsa kuma ta kan kuɓuce masa. Ga birkila zaune, ga kafinta zaune, ga kuma makaranta tana yoyo. Sai suka ga abin da ya fi shi ne gwamnati ta ci bashi ta haɗa mai sana'a da aikin da ke jiransa. Lebura in ya karɓi lada zai kai wa mai kanti, mai kanti ya sayo kaya daga masana'anta, masana'anta ta kira ma'aikatanta su dawo.

Mutum biyu aka danƙa wa ragamar aikin, halinsu kuwa ya sha bamban. Na farko shi ne Harold Ickes, ministan harkokin cikin gida, wanda ya riƙe hukumar manyan ayyuka da a ke kira PWA. An kafa ta a watan Yuni na 1933 da dala miliyan 3,300. Ita ba ta ɗaukar lebura da kanta. Gari zai kawo zanen gini da lissafin kuɗinsa, hukuma ta ba shi wani kashi kyauta, da farko 30 cikin 100, daga baya 45, saura kuwa gari ya nemo ko a ranta masa, sa'an nan a ba 'yan kwangila. Ickes mutum ne mai bin diddigi, ba ya sa hannu sai ya tabbata ba ha'inci. Saboda haka aikinsa ya yi ƙarko, amma ya yi nawa. Duk da haka, cikin sababbin makarantu goma da aka gina a Amurka daga 1933 zuwa 1939, wajen bakwai da kuɗin hukumarsa aka yi su, har da na Long Beach, waɗanda aka sake ginawa bisa sabuwar dokar da ta wajabta gini mai jure girgiza.

Na biyu shi ne Harry Hopkins, wanda ya ƙware a aikin taimakon matalauta. Shi a ganinsa sannu ba ta hana zuwa, amma mai yunwa ba ya jure ta. A hunturun 1933 zuwa 1934 ya sa mutum wajen miliyan 4 a aiki cikin kimanin wata biyu. A watan Mayu na 1935 aka kafa hukumar WPA a ƙarƙashinsa. Ƙa'idarta ita ce a ɗauki mutum daga cikin masu karɓar taimako, galibi mutum ɗaya a kowane gida, a biya shi ladan da ya fi na taimako amma bai kai na kamfani ba, don kada ya ƙi komawa in kasuwa ta farfaɗo. Gari shi ke zaɓen aikin, ya ba da fili da wani kashi na kuɗin kayan gini, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Cikin shekara takwas mutum wajen miliyan 8 da rabi suka ci abinci a wannan hukuma. Sun gina sababbin makarantu kusan 5,900, sun gyara fiye da 30,000, sun yi ko sun gyara lambuna wajen 8,000 da hanyoyi na tsawon mil 650,000. Mata kuwa suka riƙa ɗinka tufafi, suna dafa wa 'yan makaranta abincin rana. Wurin bukkokin nan na Central Park aka cike shi aka shuka ciyawa, ya zama fili mai faɗi na jama'a a 1937. A bazarar 1936 kaɗai an buɗe manyan wuraren ninƙaya 11 a unguwannin New York.

Samari ma an yi musu tasu rundunar, CCC, tun 1933. A kan ɗauki saurayi mara aure mai shekara 18 zuwa 25, a kai shi sansani a daji ƙarƙashin kulawar soja, a ba shi abinci da tufafi da dala 30 a wata, 25 daga ciki a aika wa iyayensa. Samari wajen miliyan 3 suka ratsa ta cikinta kafin 1942. Sun dasa itatuwa kimanin miliyan 3,000, sun share hanyoyi, sun gina rumfuna da gadoji a gandun daji da lambunan jihohi wajen 800. Dubbai daga cikinsu a sansanin suka koyi karatu da rubutu.

To, kada mai karatu ya zaci abin ba shi da aibi. Ladan WPA na farko ya kama daga dala 19 a wata zuwa 94, mafi ƙanƙantar kuwa ya faɗa kan leburorin ƙauyukan Kudu, inda baƙaƙen fata suka fi yawa. A rundunar samari an ware musu sansani dabam. Mata ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na ma'aikatan WPA ba. An kuma zargi waɗansu 'yan siyasa da amfani da aikin wajen neman ƙuri'a a zaɓen 1938, har Majalisa ta yi dokar Hatch a 1939 don hana haka. Bugu da ƙari, ayyukan ba su kawar da rashin aiki ƙaƙaf ba. Da Roosevelt ya rage kashe kuɗi a 1937, kasuwa ta sake durƙushewa, tilas ya buɗe hannu a 1938. Rashin aikin bai kau ba sai da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Disamba 1941, masana'antun makamai suka kwashe mutane. Aka rufe CCC a 1942, WPA kuma a 1943.

Amma a auna abu ɗaya. Kuɗin da aka raba na taimako an cinye shi a ranar, ya yi amfaninsa ya wuce. Wanda aka biya birkila da shi kuwa, iyalinsa sun ci, bangon da ya ɗora kuma ya tsaya. Makarantu da yawa na wancan zamani har yanzu a cikinsu a ke karatu, da allon tagulla a bakin ƙofa mai ɗauke da sunan hukumar da shekarar gini, jikokin maginan kuma suna hutawa a inuwar itatuwan da kakanninsu suka dasa. Duk hukumar da ta sami jama'arta zaune ba aiki, makarantunta kuma suna zubewa, ya kamata ta karanta wannan labari da idon basira, ta ɗauki saurin Hopkins ta haɗa da riƙon amanar Ickes.