Yadda A Ke Jarraba Mai Koyon Likita

Yau za mu yi magana a kan yadda a ke gwada ɗalibi kafin a ce masa likita, a ba shi izinin duba marasa lafiya. Maganar ta shafe ku, gama jikinku da na 'ya'yanku za a danƙa masa.

A Nijeriya mai koyon likita ya kan yi shekara 6 a jami'a. Karatu na takarda ba wuyar gwadawa: a yi tambaya, ya rubuta amsa. Amma aikin likita ba a takarda ya tsaya ba. Sai ya iya tambayar majiyyaci, ya taɓa ciki ya gane saifa ta kumbura, ya saurari ƙirji, ya auna bugun jini. Wannan fa, gani ya kori ji.

A dā ga yadda a ke yi. A kan ba ɗalibi majiyyaci guda, ya duba shi shi kaɗai, sa'an nan ya zo ya ba manyan likitoci labarin abin da ya samu. Da masana suka bincika, sai suka ga aibi uku. Na ɗaya, ba wanda ya tsaya ya ga hannunsa yana aiki, bakinsa kawai aka ji. Na biyu, wani ya kan dace da ciwo mai sauƙin ganewa, wani kuwa ya faɗa wa mai wuya. Na uku, malamai biyu su kan ga aiki ɗaya, wannan ya ba da maki mai yawa, wancan ya ba da kaɗan. An kuma gane cewa wanda ya gwanance a kan ciwo guda ba lalle ne ya iya na gaba ba.

A 1963 wani likita a Amurka, Howard Barrows, ya fara koya wa masu lafiya su kwaikwayi ciwo, domin kowane ɗalibi ya gamu da irin majiyyaci ɗaya. A 1975 kuma Ronald Harden da abokan aikinsa suka buga bayanin wata sabuwar jarrabawa, wadda aka yi a Dundee, a ƙasar Sikotland. A kan shirya tashoshi a jere, kowace da nata aiki. A wannan ɗalibi ya tambayi mai tari, a waccan ya duba ciki, a ta gaba ya karanta hoton ƙirji. Bayan kamar minti 5 a buga ƙararrawa, kowa ya matsa gaba. A tashar da a ke taɓa majiyyaci akwai malami tsaye da takarda, yana sa alama ga abin da aka yi da wanda aka manta. Kowa tashoshi ɗaya zai bi, malamai da yawa za su gan shi. Ta haka sa'a da son rai su ke raguwa. Yanzu makarantun likita da yawa a duniya, har da na Nijeriya, suna bin wannan hanya.

Ita ma tana da nata gibi. Minti 5 ba su isa a san mutum duka ba, kuma mai wayo yana iya haddace takardar. Saboda haka a ke ci gaba da lura da ɗalibi a ɗakin majiyyata, wata da watanni.

To, ga abin da ya rage gare ku. In aka tura ku daga ɗakin magani zuwa babban asibiti na koyarwa, kamar na Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, za ku ga samari da 'yan mata sanye da farar riga suna bin likita. Watakila a roƙe ku wani ya duba ku. Ba dole ba ne. In kun ƙi, maganinku ba zai ragu ba, mace kuwa tana iya neman wata mace ta tsaya kusa. In kun yarda, ku faɗi ciwonku yadda ya ke, kada ku ɓoye maganin da kuka sha a gida. Babban likita yana nan yana lura, shi ne kuma zai yanka maganar maganinku. Sai an gwada a kan san na ƙwarai, wannan yaro kuwa wata rana shi zai duba jikokinku.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.