Hawan Jini Da Mantuwar Tsofaffi

Wani mai sauraronmu, manomi, ya rubuto yana cewa mahaifinsa mai hawan jini ya fara mantuwa, har yakan ɓace hanyar gida daga kasuwa. Yana tambaya: sammu ne, ko gigin tsufa?

To malam, ka dubi noman rani. Zuciya ita ce injin ban ruwa, jijiyoyin jini su ne magudanai, ƙwaƙwalwa kuwa ita ce gona. Duk ƙanƙantarta, ƙwaƙwalwa na shan wajen kashi 20 cikin 100 na iskar da jini ke rabawa jiki. Idan hawan jini ya daɗe ba magani, ƙananan jijiyoyinta sukan ƙanƙance ko su toshe, sai wasu sassanta su mutu kaɗan-kaɗan, mutum bai sani ba. Daga nan mantuwa da ruɗewa ke shigowa. Ciwon suga da shan taba su ma suna wannan ɓarnar.

Ba kowace mantuwa ce daga nan take ba, don haka ka kai Baba asibiti a duba shi. Idan awon jininsa yana kai 140/90 ko fiye, ya riƙe maganinsa, kada ya daina don ya ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma a tuna dunƙulen miya ma gishiri ne.

Kai ma ka je a auna ka tun yanzu. Allah Ya ba shi lafiya, amin.