Tarin Da Ya Ƙi Rabuwa Da Ni

Duk wanda yake kwana a ɗakinmu ya san ni, domin ni ne mai tarin nan na asuba. Wasu sun janye gadajensu daga kusa da nawa, wani ma ya daina shan ruwa da moɗar da na taɓa. Ban ga laifinsu ba. Amma ina so in yi amfani da wannan fili in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu abin da ke damuna, kamar yadda likita ya fahimtar da ni.

Abin ya faro ne tun ina ɗan shekara huɗu, sa'ad da na yi ƙyanda ta sauka mini a ƙirji. Tun daga nan ba shekarar da ba na kwantawa. Bara kaɗai sau huɗu na yi jinya, ga zazzaɓi, ga ciwon haƙarƙari, ga kaki mai kauri. A gida sai a ce sanyi ne, a dafa mini citta da kanumfari, a sayo ƙwayoyi a kemis. In sha na kwana biyu, da na ji dama-dama in jefa sauran ƙarƙashin filo. Ashe kashe maciji nake yi ban sare kansa ba.

Da aka yi hutu mahaifina ya kai ni babban asibiti. Abin da aka fara yi shi ne gwada kakina, ko tarin fuka ne, watau tibi, domin duk tarin da ya wuce mako biyu ya kamata a gwada shi. Tibi kuwa yana warkewa da maganin wata shida, kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati. Gwaji ya nuna ba ni da shi. Sai dai hoton ƙirji ya nuna wani tabo a ƙasan huhuna na hagu.

Likita ya ɗauki takarda ya zana mini huhu kamar bishiyar da aka kife. Maƙogwaro ne gindinta, daga nan hanyoyin iska suka yi rassa, suna ta ƙanƙancewa. A cikinsu akwai wasu gashi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, aikinsu dare da rana shi ne sharo majina da ƙura zuwa sama. To, idan ciwo mai tsanani kamar ƙyanda, ko tarin shiƙa, ko namoniya, ko tibi ya ci wani reshe, sai ya buɗe ya saki kamar tsohuwar safa, masu sharar nan kuma su lalace. Daga nan kaki ya kwanta kamar ruwan kududdufi, ƙwayoyin cuta su sami wurin hayayyafa, kowane ciwo kuma ya ƙara ɓata wurin. Sunan cutar a bakin likitoci buronkiyektasis. Wani likita Bafaranshe, René Laennec, shi ya fara bayaninta a 1819, kuma shi ne ya ƙago abin sauraren ƙirji a 1816.

Likita ya ce ita yake zargi, amma sai an yi mini hoton sikan na kwamfuta zai tabbatar. Ya gaya mini gaskiya cewa reshen da ya buɗe ba ya komawa yadda yake. Daren nan ban runtsa ba. Abin da ya sanyaya mini zuciya shi ne ana iya hana ɓarnar ci gaba, kuma wannan cuta ba a ɗaukarta daga mutum.

Yanzu safe da yamma nakan kwanta a gefen dama, in sa filo ƙarƙashin ƙuguna na kamar minti 15, ina jan dogon numfashi ina huci kamar mai son goge madubi, har kakin ya taso in fitar. Wannan shi ne tarin da kuke ji da asuba. Ina shan ruwa da yawa don ya tsinke, kuma ban bar ƙwallo ba, don gudu ma yana taimakawa. Hayaƙin murhu, da na taba, da na maganin sauro na kunnawa, duk na yi musu nisa. Da hunturu nakan rufe hanci da ƙyalle, shugaban ɗakinmu kuma ya sauya mini aikin shara da ɗiban ruwa, Allah ya saka masa. In kakin ya sauya launi, ko na ga jini, ko zazzaɓi ya taso, asibiti zan nufa, kuma maganin da aka rubuta sai na ga ƙarshensa.

Iyayenmu, ina roƙonku ku riƙa kai ƙannenmu allurar rigakafi. Ta ƙyanda ana yin ta ne jariri yana wata 9. Ni ba a yi mini ba, kuma har yau mahaifiyata takan share hawaye in an ta da maganar. Ƙanwata kam an yi mata.

Hutu mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu koma a yi hoton nan. Kafin nan, wanda ya ga moɗata a bakin randa ya sha ruwansa hankali kwance.