"Da Sauƙi": Gamsuwar Majiyyaci Bayan Tiyata a Ƙasar Minjibir

A al'adar Bahaushe, idan aka tambayi majiyyaci jiki, amsa ɗaya ce: "Da sauƙi." Saboda haka wannan furuci bai isa ya zama ma'aunin gamsuwa da aikin likita ba. Manomin Minjibir mai fama da gwaiwa yakan daure har kaka, ya sayar da gero ko gyaɗa, sannan ya nufi Asibitin Murtala a Kano. Bayan waraka, bukatunsa uku ne: a bayyana masa aikin cikin harshensa, a kiyaye mutuncinsa, a gaya masa lokacin da zai sake riƙe fartanya. Ma'aikacin da ke son sanin gaskiya, sai ya tambayi mai jinya, kana ya lura ko majiyyacin zai turo ɗan'uwansa.